Amaryata, ga abin da na sani game da sunan mutanen Hangari

Saƙonki ya iso. Wai sunan namiji ne a ƙofar ofishin malamarki a Debrecen, birnin nan na ƙasar Hangari, kina tambaya ko haka matansu suke yi, kuma ko ke ma za ki iya in kin yi aure. Na yi dariya har kakarki ta leƙo, amma ƙarshen tambayar nan bai yi mini daɗi ba.

Duba wutsiyar sunan, za ki ga "né", wato matar wane. Mace takan ɗauki sunan mijinta ɗungurungum ta liƙa masa wannan. Kakarki kuwa har yau ba ta taɓa kama sunana ba. Kuma sunan gida suke fara faɗa, shi ya sa gwanin ƙwallonsu a can Puskás Ferenc ne. A sunayen gidan nasu, Kovács maƙeri ke nan, Szabó tela, Varga baduku.

Sai kin tuna mini da 1976, ina ɗalibi a can. Mai gidan da nake haya ya ce in sauko gobe, 19 ga Maris, ana "névnap". Na buɗe ƙamus, na ga ranar suna. Na ce barka! Na fasa ɗan kuɗin abincina na sayo rigar jariri. Na shiga, gida maƙil, ga furanni, ga kek, ni kuwa ina ta raba ido ina neman mai jego. Da na miƙa rigar, ɗaki ya yi tsit, sannan aka bushe da dariya. Ashe jaririn shi ne tsohon mai gidan, József, mai shekara saba'in! Kowane suna da ranarsa a kalandarsu, ran nan ta masu suna József ce.

Da aka natsu, wani malamin makaranta ya tambaye ni sunayenmu. Na ba shi labarin kawuna Ajuji, wanda uwarsa ta sha wabi, aka sa masa sunan juji don mutuwa ta raina shi. Mutumin ya ajiye cokalinsa. Ya ce kakanninsu ma sun raɗa wa yara Szemét, wato shara, da Nemél, ba ya raye, don miyagun iskoki su wuce su. Tsigar jikina ta tashi.

Inna takan ce suna linzami ne, shi ya sa ba a miƙa shi ga kowa. Su a can, in sunan da kike so ba ya cikin jerin da hukuma ta amince da su, sai an nemi masana harshe sun duba. Ku kuwa yanzu a waya kuke tsinto suna, ba mai tambayar ma'anarsa, sunan ubanku ma kun gutsure shi a Facebook.

Batun naki auren, kawo takardar digirin tukuna. Kin sayi rigar sanyin da na ce?