Tsayawa ƙane a bashin sayen gida

Malam, tambayarka ita ce: ƙanenka zai karɓi bashin banki ya sayi gida a Birnin Kebbi, yana son ka sa hannu ka tsaya masa, shin me zai hau kanka, kuma kana da rabo a gidan? Abin da zai hau kanka shi ne bashin gaba ɗaya. Ranar da ya kasa biya, kai banki zai nema, kuma yawancin takardun da ake sa wa hannu sun ba su damar zuwa wurinka kai tsaye tun kafin su sa gidan a kasuwa. Rabo kuwa ba ka da ko bulo ɗaya, sai in sunanka yana cikin takardar mallaka. Haƙƙin da kake da shi, in ka biya a madadinsa, kana iya bin sa kuɗinka har gaban kotu. Haka malamai suka yi bayanin lamuni ma: mai tsayawa shi ke biya.

Abin da na fi jiye maka shi ne tsawon lokacin. Bashin asusun gidaje na ƙasa, wanda ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi dominsa, yana iya kaiwa shekara 30. Na ga wanda ya tsaya wa abokin aikinsa, bai san an daina biya ba sai da wasiƙa ta iske shi bayan ya yi ritaya, ruwa ya riga ya taru. Saboda haka kada ka sa hannu sai lauya ya karanta maka takardar, an rubuta iyakar kuɗin da ka ɗauki nauyinsa, kuma an rubuta cewa za a sanar da kai da zarar wata ɗaya ya wuce ba a biya ba.