Tambaya da Amsa: An fitar da ni daga guruf don na soki jam'iyyarmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa daga Jidda. Ni tela ne, shekara 11 kenan ina zaune anan, kuma muna da guruf na WhatsApp na magoya bayan jam'iyyarmu mazauna Saudiyya. Wani dare bayan isha'i muna majalisa ana shan shayi sai na rubuta a guruf ɗin cewa gaskiya cire tallafin mai ya gasa wa talaka aya a hannu, don riyal ɗin da nake tura wa mahaifiyata in an canza shi zuwa naira lambar tana da yawa amma kafin wata ya raba ya ƙare, wallahi ko kofin ban ajiye ba admin ya fitar da ni wai ni ɗan anti fati ne. Shin dan Allah dole ne duk ɗan jam'iyya ya zama bakinsu ɗaya?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji (duk mazaunin Jidda ai Alhaji ne a wajenmu, ko bai hau Arfa ba). Toh ba dole bane, kuma ba a taɓa yin babbar jam'iyyar da bakinta ya zo ɗaya ba.

Duba yadda aka haɗa APC ma a 2013, ACN ce da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke wuri guda, daga baya gwamnoni 5 na PDP suka shigo ciki har da Kwankwaso da Wamakko da Amaechi, to mutanen da jiya suke zagin juna a kan dandamali ta ina za ace yau aƙidarsu ɗaya akan farashin mai ko darajar naira? Abun da ya haɗa su shine neman kayar da gwamnati mai ci, kuma sun kayar a 2015. Ita babbar jam'iyya kamar motar haya ce, kowa da inda zai sauka.

Ko PRP ta Malam Aminu Kano, wadda ita kam ana mata shaidar aƙida, ai sai da ta dare gida biyu a jamhuriya ta biyu, 'yan Taɓo suna tare da Malam, 'yan Santsi suna tare da Abubakar Rimi. Tambayi dattawan Kano da ke majalisarku, har yau wani in ka ambaci Santsi sai ya gyara zama.

Amma fa inda gizo ke saƙar shine, saɓanin cikin ɗaki daban, wanda aka fito da shi tsakar gida daban. Jam'iyya tana iya haɗiye ra'ayi kala goma muddin ba a kunyata mai gida a bainar jama'a ba. Sanata Ali Ndume ya soki gwamnati kan tsadar rayuwa a 2024, aka sauke shi daga kujerar mai tsawatarwa ta majalisar dattawa, alhali ɗan APC ne. Kar kuma ka ɗauka halinmu ne mu kaɗai. A Ingila a 2019 firaminista Boris Johnson ya kori 'yan majalisa 21 daga sahun jam'iyyarsa don sun bijire masa akan batun ficewa daga Tarayyar Turai, cikinsu har da jikan tsohon firaminista Churchill. A Amurka 'yar majalisa Liz Cheney ta jam'iyyar Rifablikan ta juya wa Trump baya, 'yan Rifablikan suka cire ta daga shugabanci a majalisar wakilai a 2021, shekara na zagayowa ta sha kaye a zaɓen fidda gwani.

Shi yasa kake ganin ɗan majalisa yana gunaguni a falo amma a zauren majalisa ya ɗaga hannu tare da kowa, ba wai ya gamsu bane, tikitin takara yake karewa. Kuma ko horon ma ba kowa ake yi wa ba, Wike ya yaƙi ɗan takarar PDP a zaɓen 2023 ƙiri-ƙiri, ya karɓi kujerar ministan Abuja a gwamnatin APC yana riƙe da katin PDP, don shi yana da ƙarfin da ake shakka.

Kai kuwa Alhaji wane tikiti kake karewa? Babu. Ni a ganina admin ɗinku ya yi zaƙewa ne kawai, guruf ba ofishin jam'iyya bane kuma maganar da ka faɗa ana faɗinta a kowace tasha a gida. In kuna haɗuwa a majalisa ka zuba masa shayi da hannunka ka tambaye shi a hankali wane sashe na kundin jam'iyya ka taka, sannan ka tuna masa cewa har yanzu Najeriya bata yarda mazauna ƙasashen waje su yi zaɓe daga inda suke ba, wato da kai da shi ranar zaɓe in ba tikitin jirgi kuka yanka ba, a waya za ku ji sakamako.