Amsa ga mai tambaya kan Land Rover ɗin gado: a duba shasi kafin a kira 'yan gwangwan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ya yi tambaya, da farko Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ga waɗanda tambayar ta wuce su, cewa ya yi mahaifinsu ya rasu ya bar tsohuwar Land Rover a bayan gida, ta daɗe ba a tashe ta ba, 'yan'uwansa na son a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin, shi kuma ransa bai kwanta ba. Yana son ya san abin da masu irin waɗannan motoci suke gani a jikinsu har suke zuba musu kuɗi, da kuma ko tasu ta cancanci gyara.

Ni dai shawarata, kada ku sayar da ita a kan kilo. Amma kai ma kada ka taɓa aljihunka sai ka kwanta ka shiga ƙarƙashinta da tocila.

Daga hotunan da ka turo, Series III ce, doguwar, wadda ake kira 109. Ana gane ta da ragar gaban nan ta roba da agogunan da ke gaban direba, domin waɗanda suka gabace ta a tsakiya agogunansu suke. An ƙera irinta daga 1971 zuwa 1985, kuma a ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Leyland yana harhaɗa Land Rover a Ibadan. Irinta nake da ita yanzu, kafin nan kuma na daɗe ina tuƙa Land Cruiser a aikin rigakafin dabbobi a arewacin Yobe. Abin da zan faɗa maka, a bayan sitiyari da ƙarƙashin mota na koye shi.

Dalilin da ya sa 'yan gwangwan suke zagaye gidanku shi ne bodin. Lokacin da kamfanin Rover ya fito da motar a Amsterdam a 1948, ƙarfe yana wahalar samu a Ingila saboda an fito daga yaƙin duniya na biyu, sai aka yi jikinta da alminiyam. Shi ya sa za ka ga ta shekara arba'in a rana da ruwa, fenti ya koɗe, amma bodi bai ruɓe ba. To a nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Shasin da bodin ke zaune a kai ƙarfe ne zalla, haka ma bangon da ya raba inji da direba. Su tsatsa tana cin su, musamman idan motar ta zauna kan ƙasa mai danshi ko laka ta bushe a cikin shasin. Ka samu ƙaramar guduma ka bi shi kana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har baya. Ka fi mai da hankali ga ƙarfen ƙarshe na baya inda ake ɗaura igiyar ja, da 'yan hannayen da suka fito gefe suna riƙe bodi, da wuraren da sifirin ke maƙale, da inda direba ke ajiye ƙafa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tas. Idan ka ji sauti a dushe, ko guduma ta lotsa wurin, ka yi alama da alli. Rami biyu ko uku mai walda nagari zai yanke ya sa sabon faranti. Idan kuwa dogayen ƙarafan nan biyu sun ruɓe ko'ina, ko motar ta taɓa mummunan haɗari shasin ya karkace, gaskiya gyaran zai fi ƙarfin darajarta. Ko a hakan ma, a sayar wa masu irinta su cire kaya ya fi a auna ta a sikeli, domin giyabos ɗinta kaɗai da aksul na baya kuɗi ne.

Inji bai kai shasi tayar da hankali ba. Mai lita 2.25 ne, silinda huɗu, ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba, amma yana da haƙuri. Kada ka yi gaggawar sa batir ka murɗa makulli. A cire fulogi, a ɗiga baƙin mai kaɗan a kowace silinda, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da hannu. Mai fetur ɗin har handil gare ta da ake zurawa ta gaba. Idan ya juya, rabin damuwarka ta tafi. Sai a zubar da tsohon fetur, a wanke tanki da kafireta, a canza baƙin mai da kwantak da tiyon lagireto.

Yanzu ga ainihin tambayarka, me muke gani a jikinsu.

Ni abin da ya riƙe ni shi ne mota ce da hankalin mutum zai iya kewaye ta gaba ɗaya. Idan ta mutu a daji, ɗayan biyu ne, ko mai bai zuwa ko wuta ba ta zuwa, kuma kowanne za ka iya binsa da ido da hannu tun daga tanki har fulogi. Da sifana 'yan kaɗan, filaya, sukundireba da guntun waya, bakaniken ƙauye da bai taɓa ganin kwamfutar duba mota ba zai tayar da ita. Na taɓa ganin sabuwar jif ta miliyoyi ta tsaya cak a hanyar Yusufari saboda wata 'yar na'ura ta daina aika saƙo, injin lafiyarsa lau, amma sai da aka nemo janwe daga gari. Ba ina kushe sababbi ba ne, sun fi gudu, sun fi sanyi, sun fi kare rai a haɗari. Amma wanda aikinsa ke kai shi inda waya ba ta da sabis ya san kwanciyar hankalin da ke cikin tuƙa abin da zai iya gyarawa da kansa.

Sai kuma tuƙin kansa, wanda shi ne ke da wuyar bayani ga wanda bai taɓa yi ba. A kwalta ba ta da daɗi, wannan kowa ya sani. Sitiyari da nauyi, ƙara ta cika kunne, zafin inji yana dukan ƙafa, idan ka wuce kilomita 80 a awa za ka ji tana roƙonka ka sassauta. Amma bari kwalta ta ƙare. A gefen giya akwai sanduna biyu, mai jan kai da mai rawayan kai. Ka danna rawayar ƙasa, tayoyi huɗu sun kama aiki. Idan hanya ta ƙara ɓaci, ka tsaya ka ja jar baya, ta shiga giyar ƙarfi. Daga nan sai motar ta zama wata halitta daban. Tana tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya, ba ta fushi, ba ta gaggawa, dutse ko kwazazzabo tana taka shi ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana jin kowace taya a tafin hannunka. Babu wata na'ura da ke zaɓar maka inda za ka sa ƙafa. Kai ne za ka karanta ƙasa, ka gane yashin da zai ɗauke ka da wanda zai haɗiye ka, ka san lokacin ba da totur da lokacin ɗaga ƙafa. A rairayi mukan rage iskar taya kafin mu shiga, mu riƙe giya ɗaya ba canzawa, domin da ka taka kuloci a tsakiyar yashi ta kafe ke nan. A gangara mai santsi kuma giyar ƙarfi ta ɗaya ake sawa a bar inji ya riƙe ta, ba a danne birki. Da ka dawo kwalta, ka tsaya ka ja jar sanda baya ka mayar gaba, rawayar za ta taso da kanta. Kada ka yi tafiyar kwalta da tayoyi huɗu a haɗe, yana cin giya da taya.

Duk mai shakkar ko waɗannan motoci suna da sauran amfani, ya je tsaunin Mambilla a Taraba. Ka wuce Serti, ka fara hawan nan daga Mayo Selbe mai kwana-kwana har ka fito Maisamari, ka nufi Nguroje da Gembu. Da zarar ka bar babbar hanya zuwa ƙauyuka, musamman da damina lokacin da jar ƙasar nan ta zama taɓo, tsofaffin Land Rover za ka tarar suna ɗaukar masara da mutane, an yi musu lodi har saman rufi. Wasu sun girmi direbobinsu. A can ba kayan ado ba ne, abin neman abinci ne, kuma bakanikan wurin sun san su ciki da waje. Idan gyaranka ya yi nisa ka rasa gwani a garinku, can za ka nemi shawara.

Na san za a samu masu cewa ai Land Cruiser ta fi, kuma ba zan yi musu da su sosai ba. A yashi da zafin rana Toyota ta karɓe fage tuntuni. Daga Damagaram zuwa Agadez, daga can zuwa Dirkou da Bilma, ita ce motar hamada. A 1987 sojojin Chadi da a-kori-kurar Toyota suka fatattaki tankokin Libiya a garin Fada da ke arewacin Chadi, har aka riƙa kiran yaƙin da sunan motar. Land Cruiser samfurin 70 da Toyota ta fara a 1984 har yau ana ƙera shi, kuma injin gas ɗin nan 1HZ mai silinda shida da lita 4.2 yana cikin mafi juriya da na taɓa tuƙawa. Land Rover tana yoyon mai, tana son a riƙa duba ta kullum. Toyota tana jure sakaci. Wanda zai sayi mota da kuɗinsa don aikin hamada, Toyota zan ce ya saya. Amma kai ba saye za ka yi ba. A gidanku take, Baba ne ya tuƙa ta, kuma wannan ba a samunsa a kasuwa.

Maganar kuɗi kuwa sai ka shirya. Tawa lita ɗaya ba ta kai ni fiye da kilomita shida zuwa bakwai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda lissafin ya koma. Shi ya sa ban mai da ita motar zuwa ofis ba, gona da ƙauye nake kai ta. Za a ba ka shawarar ka cire injin ka sa na gas na wata mota. Ana yi, wasu ma suna jin daɗinsa, amma inji mai ƙarfi da yawa yana kashe giyabos ɗinta, kuma darajarta tana faɗuwa a wajen masu neman ta asali. Idan injin Baba ya tashi, ka bar shi. Kayan gyara ana samu, a Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, kuma har yanzu ana ƙera sababbi a Ingila. Sai dai ka je da tsohon a hannunka a gwada, kuma a kayan birki kada ka nemi araha. Birkinta na ganga ne ƙafa huɗu, ko yana da lafiya sai ka ba da tazara. Bayan wannan doguwar zama, robobin birki da tiyonsa da tayoyi duk a canza su, ko da idonka ya ga kamar suna da kyau. Ba ta da jakar iska, jikinta ba ya shanye duka, don haka ba motar ɗibar iyali a kama hanyar Abuja da gudu ba ce. Dajin ma yanzu ba kowanne ake shiga ba, sai ka tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki, kuma kada ka yi dare.

Akwai abin da ya kamata 'yan'uwanka su sani kafin a yi ciniki. Tun da aka daina ƙera tsohuwar Defender, wato Land Rover ɗin da ta gaji irin taku, a garin Solihull na Ingila a Janairun 2016, tsofaffin Land Rover suka ƙara daraja a Turai da Amurka. Amurka tana barin a shigar da motar da ta kai shekara 25 ba tare da tsauraran sharuɗɗan sababbi ba, kuma namu na Najeriya da aka shigo da su bayan 1972, lokacin da muka koma tuƙi ta hannun dama, sitiyarinsu a hagu yake, irin wanda suke so. Ban ce za ku yi arziki da ita ba, amma farashin ɗan gwangwan ba shi ne farashinta ba. Ku nemo takardunta, ku duba lambar shasi ta yi daidai da abin da ke rubuce.

Tunda kayan gado ce, kada ka fara kashe mata ko sisi kafin a daidaita. A kira wanda ya san irin motar da wani dattijo a gida, a yi mata ƙima a yadda take yanzu, a gaban kowa har da 'yan'uwanka mata da iyayenku mata. Idan kana so, a sa ta cikin rabonka ko ka biya su haƙƙinsu, a rubuta, a sa hannu. Na ga gidan da wani ya gyara motar gado da kuɗinsa, da ta yi kyau sai rigima ta tashi a kan ta wa ce, har zumunci ya taɓu.

Idan ta zama taka, ka bi gyaran a jere: shasi, birki, sitiyari, inji, wayoyi, fenti a ƙarshe. Yawancin mutane da fenti suke farawa, kuɗi ya ƙare, motar ta koma bayan gida tana ƙyalli. Kuma idan ka san ba za ka riƙa fita da ita ko sau ɗaya a mako ba, gara ka sayar wa wanda zai tuƙa ta, domin zama ya fi tafiya kashe su. Ka fara da gudumar nan a ƙarshen mako, ka ɗauko hoton ƙarfen baya da wajen ƙafar direba da inda sifirin ke kamawa, ka turo nan. Akwai bakanikai a cikinmu da suka fi ni sani, za mu duba tare mu faɗa maka gaskiyar abin da muka gani.