Mutanen Hadza da muke gani a bidiyo: haka suke rayuwa ko shiri ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kwanakin nan duk lokacin da na buɗe TikTok ko Facebook sai na ci karo da bidiyon wasu mutane a daji, sanye da fatar dabba, suna harbin biri da kibiya su gasa su ci, suna wani yare mai ƙas-ƙas. An ce sunansu Hadzabe. Don Allah da gaske haka suke rayuwa, ko shiri ne na neman kuɗi? In kuwa da gaske ne, me ya hana gwamnatinsu ta kwaso su ta kawo gari ta wayar da su, ta bar su cikin wannan wahala? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, mutanen na nan da ransu, ba ƙirƙirar su aka yi ba. Sai dai abin da waya take nuna maka ɗan yanki ne na rayuwarsu, kuma yankin da mai kyamara ya san zai ja 'yan kallo.

Hadza, ko Hadzabe kamar yadda suke kiran kansu, suna arewacin Tanzaniya, a kewayen tafkin Eyasi, kudu da dajin Serengeti da dutsen Ngorongoro. Duka-duka ba su wuce mutum 1,000 zuwa 1,300 ba, kuma a cikinsu waɗanda har yau yawancin abincinsu daga daji yake fitowa ba su fi 300 zuwa 400 ba. Sauran sun haɗa da ƙwadago a gonakin maƙwabta, ko gadi, ko karɓar 'yan yawon buɗe ido. Yaren nan da ka ji yana ƙas-ƙas sunansa Hadzane. Sautukan da mu muke yi in za mu yi tsaki ko mu kora jaki, su a wurinsu baƙaƙe ne cikakku da ake gina kalma da su. A da masana sun ɗauka ɗan'uwan yarukan mutanen San na kudancin Afirka ne, daga baya bincike ya nuna ba shi da dangi ko ɗaya da aka tabbatar a duniya.

To, batun shiri. Yawancin bidiyon da ke yawo ana ɗaukar su ne a sansanonin da mota take iya kaiwa, musamman wajen Mang'ola, inda masu kai baƙi yawo suke biyan kuɗi a fita da su farautar safiya. Harbin na gaske ne, gwanintar ta gaske ce, amma fatar birin da ake ɗaurawa a ka da taron samari da karnuka suna ihu, akwai kwalliyar kasuwa a ciki. Bahadze a ranar da babu baƙo, kayan gwanjo yake sawa da takalmin taya. Farautarsa ma yawanci shi kaɗai yake fita, shiru, yana bin sawu, ko su biyu su yi kwanton ɓauna da dare a bakin ruwa lokacin rani. Kuma abin da ya fi damuna da bidiyon nan shi ne da wuya ka ga mata, alhali su ne riƙon gidan.

Da hantsi mata suke fita a ƙungiya, da goyo a baya, kowace da sandarta mai tsini wadda aka gasa bakinta a wuta don ta yi ƙarfi. Mace za ta dubi wata busasshiyar igiyar ganye da ta naɗe bishiya, ta buga ƙasa da sanda ta saurari amon, ta san akwai saiwa a ƙasa. Sai haƙa, wani lokaci har ta ture manyan duwatsu. A nan take za a hura wuta a ɗan babbaka wasu a ci, a ɗaure sauran a zane a kai gida. Maharbi yakan yi kwanaki bai kashe babbar dabba ba, amma mai sanda ba ta dawowa hannu rabbana. A nan ne wata masaniya Ba'amurkiya, Kristen Hawkes, ta lura tun shekarun 1980 cewa tsofaffin mata da suka daina haihuwa sun fi kowa daɗewa a wurin haƙa, kuma abin da suka samo shi yake riƙe jikoki yayin da uwa take fama da jariri. Daga nan ta kawo ra'ayin da ya shahara cewa taimakon kaka yana cikin dalilan da suka sa 'ya mace take rayuwa shekaru masu yawa bayan ta gama haihuwa. Duk wanda kakarsa ta raine shi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Abincinsu kashi biyar ne: saiwoyi, 'ya'yan itatuwa ƙanana irin dangin dargaza, nama, zuma, da kuka. Eh, kukar da ka sani. Mu ganyenta muka fi bai wa ƙarfi don miya, su kuwa 'ya'yan suke fasawa, su daka garin da ƙwallon a kan dutse, su dama da ruwa ko da zuma, har yaye ake yi wa yara da shi. Dafin kibiyarsu ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Suna dafa ruwan itacen kariya har ya yi kauri ya yi baƙi, suna kiransa panjube, akwai kuma wani da suke samu daga 'ya'yan dangin kwankwani, wanda maharban ƙasar Hausa suka daɗe suna dafa dafi da shi. Tsirkiyar bakansu daga jijiyar manyan namun daji ake murza ta, irin su raƙumin dawa.

Amma in ka tambayi Bahadze, mace ko namiji, abincin da ya fi so, zuma zai ce maka. A nan ne ake ganin abin da ni a wurina ya fi duk wani harbin biri ban mamaki, kuma ba kasafai ake ɗaukarsa ba don yana buƙatar haƙuri. Akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan toka, suna kiransa tik'iliko. Mutum zai shiga daji yana wani irin fito mai daɗi, sai tsuntsun ya zo ya sauka kusa yana surutu, ya tashi ya sauka a bishiyar gaba, yana buɗe farin gashin wutsiyarsa. Mutum yana bi yana amsawa da fito, har su iso bishiyar da ƙudan zuma suka yi gida. Sau da yawa ƙatuwar kuka ce mai santsi. Sai ya sassaƙa turaku, ya riƙa kafa su a jikin kukar da bayan gatari, yana taka ɗaya yana kafa na gaba har ya kai sama. Wutar da zai yi hayaƙi da ita murza ta yake yi da tsinke a tafin hannu. Ya tura bakin wuta a kogon, ya faɗaɗa ramin da gatari, ya zura hannu ya ciro saƙar, ƙudan na harbinsa yana jurewa. Shi tsuntsun kakin yake so, kuma ba zai iya fasa itace ko ya kori ƙuda ba. Wani bincike da Brian Wood da abokan aikinsa suka fitar a 2014 ya nuna cewa bin tsuntsun yana ninka samun gidan zuma fiye da sau biyar, kuma kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na ƙarfin abincin Hadza ta hanyarsa yake zuwa. A 2023 Wood da Claire Spottiswoode suka sake nuna cewa tsuntsayen ƙasar Hadza sun fi amsa fiton Hadza a kan kiran mutanen Yao na Mozambik, na Mozambik kuma sun fi amsa kiran Yao. Wato tsuntsun daji, wanda ba wanda ya kiwata shi, ya koyi kiran mutanen unguwarsu. Wannan ilimi ne, ɗan'uwa, kuma ba a samunsa a shekara ɗaya.

Cin biri da ya tayar maka da hankali, na fahimta, domin a addininmu da al'adarmu ba abin ci ba ne. Su yawancinsu suna kan addininsu na gargajiya, suna ambaton Haine da Ishoko a matsayin ababen bautarsu, suna da rawar epeme da ake yi a daren da babu farin wata. A wurinsu naman bika nama ne mai daraja. Kuma a yau suna yawan komawa kan birai da tsuntsaye da ƙananan dabbobi ne saboda manyan namun dajin sun yi ƙaranci a ƙasarsu.

Zamansu kuwa ba sarki ba mai unguwa. Sansani mutum 20 ne zuwa 30, bukkokin ciyawa da mata suke haɗawa cikin 'yan sa'o'i, bayan makonni a tashi a koma inda ruwa ko 'ya'yan itace suke. In biyu suka saɓa, ɗaya ya tattara kayansa ya koma wani sansanin. Wanda ya kashe babbar dabba ba shi da ikon hana kowa, nama na kowa ne. James Woodburn, Baturen Ingila da ya fara zama da su a 1958, ya bayyana cewa sirrin daidaiton nan shi ne ba a ajiya: abin da aka samo yau, yau ake cinye shi, don haka ba wanda yake tara abin da zai mallaki wani da shi.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce mai nauyi. An gwada abin da kake cewa, ba sau ɗaya ba. Turawan mulkin mallaka na Ingila sun gwada zaunar da su su yi noma a 1927, suka sake a 1939, duka suka watse. Bayan 'yancin kai, a 1965, gwamnatin Tanzaniya ta kwashe su a manyan motoci da rakiyar 'yan sanda zuwa Yaeda Chini, inda aka gina makaranta da ɗakin shan magani. Cunkoso ya haɗu da abincin da jikinsu bai saba da shi ba, ƙyanda da ciwon ƙirji da gudawa suka kashe mutane da dama, musamman yara. Cikin ɗan lokaci yawancinsu suka sulale suka koma daji. An sake gwadawa a zamanin Ujamaa, shirin shugaba Julius Nyerere na tara mutane a ƙauyukan haɗin gwiwa, nan ma haka. Sun san noma sarai, shekaru aru-aru suna maƙwabtaka da manoma, suna ba da zuma su karɓi ƙarfe da taba da masara. Har ma a shekarun yunwa, manoman maƙwabta ne suke shigowa daji su raɓa da su, don fari yana kashe gona amma ba ya kashe kuka da saiwa gaba ɗaya.

Ba zan ɓoye maka tsadar wannan rayuwa ba, domin masu yabonta daga nesa sukan tsallake nan. Ƙididdigar da Nicholas Blurton Jones ya shafe shekaru yana yi ta nuna cewa kusan jariri 1 cikin 5 ba ya cika shekara, kuma kusan rabin yaran ba sa kaiwa shekara 15. Shi ya sa in an haɗa lissafi, matsakaicin tsawon rai yake tsayawa wajen shekara 33, ba don babu tsofaffi ba. Wanda ya tsallake ƙuruciya yakan kai 60 ko 70, kuma hawan jini da ciwon suga da ƙiba, waɗanda suka addabi biranenmu, da wuya a same su a cikinsu. Uwar da ta binne 'ya'ya biyu tana son allurar rigakafi da magani kamar kowace uwa. Abin da nake gani shi ne a kai mata asibiti da makaranta inda take, ba a ce sai ta bar ƙasarta za ta samu ba.

Domin ƙasar ita ce ainihin ciwon. An ƙiyasta cewa cikin shekaru 50 sun rasa har kusan kashi 90 cikin 100 na dajinsu. Makiyayan Datoga, waɗanda su ma turo su aka yi daga wasu wurare, suna shigowa da shanu su ƙafar da rijiyoyi, namun daji su gudu. Manoman Iraqw da wasu suna sare daji, masu gawayi suna bi, Mang'ola kuma ta zama cibiyar noman albasa. Mutumin da ba ya shinge, ba ya huɗa, ba ya gina gidan ƙasa, in hukuma ta zo sai ta rubuta cewa fili ne da ba mai shi. A 2007 saura kaɗan a ba wani kamfanin farauta mai alaƙa da gidan sarautar Abu Dabi hayar wani babban yanki na kwarin Yaeda, sai da aka yi ta ƙorafi a ciki da wajen ƙasar kafin kamfanin ya janye. Kuɗin 'yan yawon buɗe ido ma ya zo da nasa ciwon, don a sansanonin bakin hanya giya ta yi wa mutane da yawa illa.

Abin da ya ɗan tsayar da ɓarnar takarda ce. A 2011, da taimakon wata ƙungiyar 'yan ƙasa mai suna Ujamaa Community Resource Team, gwamnatin Tanzaniya ta ba Hadza na Yaeda takardar mallakar ƙasa ta gargajiya a kan sama da hekta 20,000, da sunan al'umma gaba ɗaya ba da sunan mutum ɗaya ba, ta yadda ba wanda zai iya yanka ya sayar. Shi ne karo na farko da aka yi haka a ƙasar, kuma Edward Loure, ɗan ƙabilar Masai da ya jagoranci aikin, ya sami lambar yabo ta Goldman ta kare muhalli a 2016 saboda shi. Bayan haka suka shiga wata yarjejeniya da kamfanin Carbon Tanzania, inda ake biyan su don sun bar itatuwansu a tsaye. Da kuɗin ake biyan samarin da ke sintirin kan iyakar dajin, ana biyan kuɗin makarantar yara da na asibiti, kuma su da kansu suke zama a taro su yanke yadda za a kashe shi.