Amsa kan maganar siminti a ginin Besease

Salamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, na saurari tambayarka: me ya sa tsohon ginin nan na Besease, kusa da Ejisu a hanyar Kumasi zuwa Ankara a ƙasar Gana, ba a shafe shi da siminti a huta ba, tunda har baƙi ake kaiwa kallo?

To Alhaji, simintin nan shi zai kashe shi. Ginin yana cikin gine-ginen gargajiya na ƙabilar Asante guda 10 da UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1980. Irinsu ne suka cika Kumasi kafin Turawan Ingila su ƙone garin a 1874. Ɗakuna huɗu ne kewaye da tsakar gida: na makaɗa, na mawaƙa, na girki, sai ɗakin tsafin. Bangon kuma ba tubali ba ne. Itace ake kafawa, a saƙa gora, a cika da laka, sannan a yi yaɓe. Ƙasan bango jar ƙasa ce da aka goge har tana sheƙi, sama farar ƙasa. Adon da ke jiki, su tsuntsaye da kada da layuka masu murɗewa, duk da hannu aka tayar da su.

Irin wannan bango yana shan danshi daga ƙasa, ya fitar ta jikinsa. Ka rufe shi da siminti ko fentin mai, danshin ya rasa hanya. Laka ta yi laushi a ciki, gora ta ruɓe, gara ta samu gida, waje kuwa sumul, ba ka ganin komai. Ƙwanƙwasa da yatsa: in ka ji yana ƙara kamar ganga, yaɓe ya rabu da bango. Ranar da zai ɓallo, da adon zai tafi.

Rufi ma haka. Jinkar asali tsaye take sosai, bakinta ya zarce bango, ruwa ya sauka can nesa. Kwano mai gajeren baki kuwa a gindin bango yake zubarwa, feshin ya riƙa cin jar ƙasar nan.

Gyara, a fara da rufi da magudanar tsakar gida, ba bango ba. Sai a ɗauki hoton adon, a kankare inda ya saki kawai. Kafin yaɓe a gwada haɗi uku a gefe: ƙasa ɗaya yashi ɗaya, ɗaya da biyu, ɗaya da uku. Wanda ya bushe bai tsage ba kuma bai marmashe ba, shi ne naka. A yayyafa wa bangon ruwa, a shafa kaurin da bai wuce yatsa ba, ya sha iska kafin a ƙara wani. In lokacin hunturu ne a rufa buhu mai laima, don bushewar gaggawa ke kawo tsaga.

Amma ba kowa ke sa hannu ba fa, Alhaji. Hukumar gidajen tarihi ta Gana ke kula da gine-ginen nan, sai da izininta. Kuma aikin a gama shi kafin ruwan Afrilu ya kankama.