Fatawa: Hukuncin koyar da yara labarin dainoso da asalin tsuntsaye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malamar kimiyya ce a wata makaranta a Asawase, a nan Kumasi. Wani ɗalibina ya tambaye ni labarin dainoso, na ce masa dabbobi ne da suka rayu tun kafin ɗan Adam, kuma masana na cewa tsuntsaye daga zuriyarsu suka fito. Washegari mahaifinsa ya aiko cewa ina ɓata wa yaro aƙida. Shin na yi laifi a shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malama, ba ki yi laifi ba, amma mahaifin yaron ma yana da uzuri, domin maganganu biyu ne suka cakuɗe masa, wato labarin dabbobi da kuma asalin ɗan Adam, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Samuwar waɗannan dabbobi abu ne da ido ya gani, hannu ya taɓa. A Gadufawa, cikin hamadar Nijar, an tono ƙasusuwan Nigersaurus, wani dainoso mai haƙora sama da 500, kuma wanda ya je gidan tarihi na Yamai zai ga kwarangwal ɗin irin waɗannan halittu. Rashin ambatonsu da suna a Alƙur'ani ba hujja ba ce, tun da Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 8, yana halittar abin da ba mu sani ba, kuma a Suratul Ankabuti, aya ta 20, ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ya fara halitta. Mai tonon ƙasusuwan nan, ko ya sani ko bai sani ba, aikin da ayar ta yi nuni da shi yake yi. Idan yara suka ce me ya sa ba a samun su a Kumasi, ki gaya masu duwatsun da ake haƙar zinariya a cikinsu a Obuwasi sun kai shekara biliyan 2, wato sun girmi dainoso nesa ba kusa ba.

Batun shekaru kuwa, babu nassi ingantacce da ya ƙayyade shekarun duniya. Abin da ake yawo da shi na shekara 6,000 ko 7,000 daga Isra'iliyat, wato labaran Yahudu da Nasara, ya shigo mana, kuma bai wajaba a kan Musulmi ya kare shi ba. Saboda haka babu laifi ki ce an samu mafi daɗewar dainoso, irin su Eoraptor na Ajantina da Mbiresaurus na Zimbabuwe, a cikin duwatsu masu shekara wajen miliyan 230, lissafin da galibi ake samu ta auna tokar aman wuta da ke tare da irin waɗannan duwatsu. Eoraptor ƙaramar dabba ce mai tafiya da ƙafa biyu, tsawonta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Mafi girmansu sun zo ne daga baya, bayan wata halaka da ta auku shekara miliyan 201 da suka wuce ta kawar da yawancin abokan gogayyarsu.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne zancen dangantaka. Masana sun haɗa dainoso da kada da wasu halittu masu fikafikan fata a gida ɗaya, har suna cewa kadojin garin Paga da ke arewacin Gana sun fi kusa da kazar gidanki a kan kusancinsu da damo. Hujjarsu a kan tsuntsaye ba ta banza ba ce: akwai Archaeopteryx da aka samu a Jamus a 1861, mai gashin tsuntsu tare da haƙora da doguwar wutsiya mai ƙashi, akwai kuma dainoso masu gashi da aka fara tonowa a Sin a 1996. Na duba ban ga ayar da ta faɗi yadda aka halicci tsuntsu dalla-dalla ba. Suratun Nuri, aya ta 45, cewa ta yi Allah ya halicci kowace dabba daga ruwa, wasu na jan ciki, wasu na tafiya da ƙafa biyu, wasu da huɗu, ba ta ce lokaci ɗaya ba, ba ta kuma ce a hankali ba. Abin da shari'a ta yi shiru a kansa, ba a kafirta wanda ya karɓe shi da hujja, ba a kuma tilasta wa wanda ya dakata. Sharaɗin kawai shi ne a yi imani cewa duk sauyin da ya auku da nufin Allah da ƙaddararsa ya auku, kamar yadda yake fitar da bishiyar goro daga ƙwaya ba tare da wani ya ce ƙasa ce ta halicce ta ba. Wanda ya ce ɗabi'a ce ta yi kanta babu mahalicci, wannan ya fita daga kimiyya ya shiga ilhadi, kuma ƙashin dabba ba ya ba da shaida a kan haka.

Batun Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne abin da mahaifin yaron yake tsoro, wato kada a ce shi ma daga wata dabba ya fito, kuma a nan nassi a fili yake: an halicce shi daga turɓaya, ba uwa ba uba, kamar yadda ya zo a Ali Imrana, aya ta 59. Ba a ƙiyasta shi da tsuntsu. Idan manhaja ta kawo ra'ayin da ya saɓa wa wannan, ki karantar da shi a matsayin abin da masu shi suka faɗa domin jarrabawa, ki bayyana wa yara aƙidarmu. Ki kuma nemi zama da mahaifin a gaban shugaban makaranta, ki nuna masa cewa su kansu masanan sun ce dainoso, ban da tsuntsaye, sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, babu mutum ko ɗaya a doron ƙasa a lokacin.

Wallahu a'alamu.