Tambayi Likita: Mai asma da nimoniyar bairos ta kwantar a asibiti

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita ya aiki. Dan Allah maigidana ne yake da asma tun yana yaro, satin da ya wuce mura da zazzaɓi suka kama shi sai numfashi ya dinga gagara, inhelar ma ya shaƙa ya shaƙa ba sauƙi muka je asibiti aka ba shi gado. Anyi hoton ƙirji ance nimoniya ce ta bairos, yanzu haka yana kan oksijin. Ni dai na ɗauka asmar ce kawai ta tashi, kuma mutane sai tsorata ni suke wai mai asma in nimoniya ta kama shi sai dai addu'a. Gaskiya ne?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya yasa kaffara ne. Addu'a kam a ci gaba da yi, amma masu tsorata ki sun yi ƙari.

Ciwo biyu ne suka haɗu masa kuma ba wuri ɗaya suke kamawa ba. Asma hanyoyin iska take kamawa, su kumbura su tsuke majina ta toshe su, ita kuwa nimoniya can ƙasa take sauka cikin 'yan ƙananan buhunan huhu inda oksijin ke shiga jini, ta cika su da ruwa. Kinga hanya ta tsuke, inda za'a sauke kayan ma ya cika. Shi yasa inhela ta kasa, salbutamol, maganin da ke cikinta, buɗe hanya yake yi baya kwashe ruwan huhu. Kuma bairos ɗin da ya kawo nimoniyar, ko na fulu (mura mai tsanani) ne ko RSV (wani bairos na mura) ko korona, shine dai ya tayar da asmar.

To batun haɗari. A annobar fulu ta H1N1 a 2009 asma tana sahun gaba a cututtukan da aka samu a jikin waɗanda aka kwantar, wannan gaskiya ne, amma abin mamaki a binciken da aka yi a Birtaniya masu asmar da aka kwantar basu fi sauran mutuwa ba, sun ma fi su tsira, ana ganin saboda suna zuwa asibiti da wuri kuma da yawansu dama suna kan inhelar sitiroyid, wato wadda ake shaƙa kullum dan rage kumburin hanyoyin iska. Lokacin korona a 2020 ma kusan haka aka gani, wanda asmarsa take kwance bai fi kowa shiga haɗari sosai ba, masu asma mai tsanani da suke yawan shan ƙwayar sitiroyid sune abin ya fi taɓawa. Ni a wurina yadda asmar take kafin ciwon ya zo shine babban ma'auni, sai shekaru, taba, ƙiba da ciwon suga.

A asibiti za ki ga ana duba ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa, ana son oksijin ya tsaya wajen 94 zuwa sama, in ya dinga sauka ƙasa da 92 duk da yana kan oksijin ki kira nas. Haka in ya kasa ƙarasa magana, ko ya fara rikicewa da yawan barci, ko leɓe ya canza kala. Kuma kar ki yi murna dan shesshekar ƙirjin ta ɗauke alhali yana wahala, wani lokaci iskar ce ta daina shiga gaba ɗaya, irin wannan ake kaiwa ICU, ɗakin kulawa ta musamman.

Za'a ba shi nebulaiza, na'urar da ke maida magani tururi a shaƙa, da ƙwayar sitiroyid ta prednisolone na kwana 5 zuwa 7 saboda asmar. In fulu ne akwai maganinsa mai suna oseltamivir, yafi aiki cikin awa 48 na farko amma wanda aka kwantar ana ba shi ko ya wuce haka. Antibayotik baya kashe bairos, sai dai likita zai iya ƙarawa dan bakteriya suna son biyo bayan fulu, musamman in zazzaɓi ya sauka ya kuma dawowa da ƙarfi.

Bayan sallama tari da kasala zasu iya ɗaukar makonni, kar ya ajiye inhelar kullum dan ya ji sauƙi, nan ne da yawa suke komawa gado. Ya koma a sake duba shi, wasu ana sake musu hoton ƙirji bayan sati 6, sannan ku tambayi allurar rigakafin fulu ta duk shekara da ta nimoniya.